Sojan gona da sunan hukuma: a faɗa wa iyayenmu da Hausa cewa beli kyauta ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in kawo kuka kan abin da ya samu gwaggona makonni uku da suka wuce, domin na san ba a kanta aka fara ba.

Bayan sallar isha'i wayarta ta yi ƙara. Wani namiji mai kakkausar murya ya kira sunanta, ya kira sunan autanta, har da jami'ar da yaron yake karatu. Ya ce shi jami'in EFCC ne, sun kama yaron tare da 'yan Yahoo, da asuba za a wuce da su Abuja a nuna fuskokinsu a talabijin. Sai ya sassauta murya: "Hajiya, na ga ɗanki ɗan mutunci ne. Ki turo naira dubu 200 kafin ƙarfe goma in cire sunansa." Ya ce kada ta kashe waya, kada ta faɗa wa kowa, domin idan oga ya ji magana ta lalace. Tana kuma jiyo kukan wani yaro daga nesa. Maƙwabciya ta gwada lambar ɗan, a kashe. Gwaggo ita ce uwar adashen layinsu. Ta kwashi dubu 120 na amanar mutane, ta yafa mayafi ta nufi wurin mai POS da waya a kunne, mutumin yana ta zuga ta har kuɗin suka fita.

Da gari ya waye yaron ya kira ta lafiya lau. Ashe tun da magariba wani ya kira shi da sunan kamfanin waya, ya ce ya kashe wayarsa zuwa safiya ana gyaran layi, shi kuma ya bi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Gwaggo ba wawiya ba ce, ta yi shekara talatin tana sana'a ba wanda ya taɓa cutarta ko sisi. Da tsoro aka kama ta, aka ɗaure ta da kunya. Uwa Bahaushiya za ta iya sayar da gadonta don kada a ce ɗanta ya kwana a bayan kanta. Masu wannan sojan gona sun san darajar rufin asiri a wurinmu, shi ya sa sharaɗinsu na farko shi ne a yi shiru, na biyu a yi sauri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ta san abin da doka ta ce, da ta gane ƙaryar tun a minti na farko. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauyansa ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wani, saboda haka mai cewa "in ba ki biya ba ke za mu zo mu ɗauka" ya tona kansa. Beli kyauta ne, rundunar 'yan sanda da kanta take nanatawa. Kuma tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA, kuɗin gwamnatin tarayya can suke shiga. Sunan da ya fito a takardar POS ɗin gwaggo kuwa sunan mutum ɗaya ne, ba na wata hukuma ba. Ita EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ta sha gargaɗin jama'a kan masu damfara da sunanta. Tana da ofis a nan Kano, mutum yana iya takawa da ƙafarsa ya tambaya.

Sai dai Edita, mu faɗa wa kanmu gaskiya: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa dattijuwa ta yarda nan take cewa ana goge suna daga takardar hukuma da kuɗi? Saboda mun girma muna jin "a kashe magana", "a ba da na goro", "a ga oga". Duk ranar da wani mai kaki na gaske ya karɓi kuɗin beli, ya share wa na bogi hanya ne, domin talaka ya daina bambance su. Mu ma da muke miƙawa da sauri muna da namu kason. Ga kuma yadda muke baza sunayen 'ya'yanmu da makarantunsu da lambobin waya a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ina kyautata zaton daga irin nan aka tsinci bayanan gidanmu.

Tun ranar na tara 'yan uwa muka yi yarjejeniya. Duk wanda aka kira da irin wannan labari, ya kashe wayar ko da ana yi masa tsawa, ya kira mutum biyu a dangi. Idan wayar yaro ba ta shiga, a nemi abokinsa ko wanda suke ɗaki ɗaya. A tambayi mai kiran wane caji ofis ne, a ce ga mu nan zuwa da mai unguwa ko lauya. Jami'in gaskiya zai ce ku zo, ɗan damfara zai fara kame-kame. Lambar BVN, lambar sirrin kati, da lambar da banki ke turowa ta saƙo, ba a karanta wa kowa su, komai girman muƙamin da ya ambata. Waɗanda ke tare mutane a hanya da riga mai tambarin hukuma suna neman a buɗe musu waya a tura kuɗi, a nemi katin shaidarsu cikin ladabi, a nace a tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa. In da makami a hannunsu kada a yi gardama, rai ya fi kuɗi, a kai ƙara daga baya. In kuma an riga an tura, a garzaya banki a lokacin, kafin a kwashe. Mu sai da rana ta yi tsaka gwaggo ta iya buɗe baki, saboda kunya.

Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, amma wa za a ɗaure idan kowa ya haɗiye abinsa ya ce ƙaddara?

Roƙona gare ku 'yan jarida, ku riƙa fassara waɗannan gargaɗi. Hukumomi suna fitar da su da Turanci a intanet, alhali wadda ake cuta rediyo take saurare. Ina roƙon gidajen rediyo su maimaita su kamar tallar magani, limamai su taɓo su a huɗuba, malaman Islamiyyar matan aure su ware musu ko da minti biyar. Masu POS kuma, don Allah, idan kun ga tsohuwa da dare jikinta na rawa da waya a kunne, ku tambaye ta ko ta san wanda za ta tura wa. Gwaggo tana nan tana biyan matan adashe dubu goma-goma duk wata daga cinikin ƙuli-ƙuli.

Naka,
Wani mai karatu,
Ƙofar Nasarawa, Kano