A koya wa ɗalibanmu karanta fayilolin harhaɗa manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin malaman kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, da masu tafiyar da shirin 3MTT na horar da mutane miliyan uku kan fasahar zamani, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, kan wani mataki da ake yawan tsallakewa wajen koyarwa, wato shirya yadda za a harhaɗa manhaja daga asalin rubutunta.

Kafin rubutun mai tsara manhaja ya zama abin da kwamfuta za ta gudanar, a manhajoji da yawa sai an kunna wani fayil mai suna configure, wanda yake binciken na'urar ya gano irin kayan aikin da ke kanta da waɗanda babu, sannan ya fitar da Makefile, fayil ɗin da umarnin make zai bi wajen harhaɗa manhajar. Shi make Stuart Feldman ne ya ƙirƙire shi a Bell Labs tun 1976, daga baya aka samu Autoconf da CMake, kayan aikin da ke taimakawa wajen shirya irin waɗannan fayiloli. Ɗalibai da yawa sun haddace waɗannan umarnai, amma kaɗan ne suke buɗe fayilolin su ga abin da ke ciki, kuma wannan ne yake damuna ƙwarai.

A watan Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga na'ura daga nesa ta hanyar SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ɓoyayyar ƙofa, wato hanyar kutse ta sirri, a cikin XZ Utils, manhajar matse fayiloli da kusan kowane tsarin Linux yake ɗauke da ita, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. An sa makullin dabarar ne a fayil ɗin build-to-host.m4, wanda yake aiki lokacin da ake gudanar da configure, kuma gurɓataccen kwafinsa yana cikin ƙunshin da ake rabawa kaɗai, babu shi a ma'ajiyar Git, wato rumbun asalin rubutun manhajar, inda masu bita suke dubawa. Wanda ya tsaya ga karanta rubutun manhajar na harshen C kawai ba zai gan shi ba.

Saboda haka ina ba da shawara a sa wannan cikin darasin gwaji: a ba ɗalibi ƙunshin wata manhaja tare da ma'ajiyarta ta Git ya kwatanta su, a kuma cire masa wani abin da manhajar ta dogara da shi, ya karanta config.log, fayil ɗin da configure ke rubuta rahoton bincikensa a ciki, ya bayyana wa malami dalilin da ya sa configure ya tsaya.

Naka,
Wani malamin kwamfuta, Zariya