Zuwa ga Yayata, a kan maganar cikin Inna

Birmingham, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya kamar yadda ta bar ni. Ya jikin Inna? Ya maigidan da yara, ya kuma fama da zafi? Mu nan sanyi ya fara sakinmu, rana tana ɗan leƙowa, aiki kuma sai godiya.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin duk sanda na kira Inna tana kusa, kuma kin san halinta, ko ciwo ya kai ina "da sauƙi" za ta ce. Auta ce ta tsegunta mini, don Allah kada a yi mata faɗa. Ta ce wata uku ke nan Inna ba ta cin abincin kirki, loma biyu uku ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ciki ya yi ta kumburi, ga gyatsa, da dare ƙwarnafi ya hana ta kwanciya sai ta zauna a bakin gado tana jan carbi. Takan kwana uku ko huɗu ba ta zaga ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce zoben azurfar nan na Inna yanzu zamewa yake yi daga yatsarta in tana alwala. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Ki samu Inna ku biyu a ɗaki, ba yara, ki tambaye ta kalar bayan gidanta. Na san da nauyi, amma ke ce babba, daga bakinki za ta fi ɗauka. Idan baƙi ne wuluk kamar kwalta, mai danƙo da wari fiye da kima, alhali ba ta shan maganin ƙarin jini, to alama ce jini yana tsiyaya a cikin tumbi, a kai ta asibiti a ranar. Haka in akwai jini ja, ko amai mai kama da garin gahawa. Ko da ba ko ɗaya daga ciki, mace mai shekarun Inna da ke ramewa ba dalili kuma tana saurin ƙoshi, likita ya kamata ya duba ta, ba mai kemis ba. In sun ce sai an zura mata siririn bututun nan mai kyamara ta baki an leƙa cikin, ku yarda, ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma ba ya daɗewa. Kuɗin da na turo jiya na wannan ne.

Ku tafi da ledar magungunanta duka. Ƙwayoyin ciwon gwiwar da take sha kullum, diclofenac da ibuprofen da danginsu, suna cinye fatar tumbi, balle a tsoho, balle in an sha su ciki wayam. Mu kuma duk ciwon ciki mun riga mun raɗa masa suna olsa, mun ce yunwa ce da yaji, sai a dama madara a ba mutum. Madarar takan kwantar da zafin na ɗan lokaci ne ya dawo. Yawancin gyambon ciki daga abu biyu yake: ƙwayoyin ciwon gwiwar nan, da wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, ana ɗaukarta tun ana yara. Wasu likitoci biyu ne a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar da kansa har ya kwanta ciwo, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gane ta da gwajin bayan gida, maganinta kuma mako ɗaya zuwa biyu ne. Sai dai ki gaya wa likita in Inna tana shan omeprazole, maganin olsar nan, don yana ɓoye ƙwayar a gwaji sai an dakatar da shi na mako biyu. Kanwar da take jiƙawa ta sha ma a ajiye ta.

Yanzu maganar abinci, a nan ne nake da laifi, kuma ina so in gyara.

Shekarata ta farko a ƙasar nan na sha wahalar ciki da ban taɓa faɗa muku ba. Aikin dare nake yi, in na dawo ba ƙarfin girki, sai biredi da shayi, taliyar leda, kaza da soyayyen dankali na kanti. Ciki ya ɗaure, in yi kwana huɗu ba komai, in ya zo kuma da ƙyar, har basir ya fito mini. Siket ɗin da na sa da safe, kafin la'asar ya matse ni. Ga kasala, ga saurin fushi. Na ɗauka sanyin garin ne bai karɓe ni ba. Da na je wurin likita, bayan ta duba ni, sai ta ce in lissafa mata abin da na ci tun daga shekaranjiya. Ina lissafi tana rubutawa, da na gama ta juyo mini da takardar: babu ganye, babu wake, babu hatsin da ba a tace ba, ko ɗaya. Ta ce a nan ana son babba ya samu giram 30 a rana na abin da suke kira faiba, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye da na 'ya'yan itace, abin da tumbi ba ya narkarwa. Nawa ko rabi bai kai ba.

Yadda ta yi mini bayani, a cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, tiriliyoyi, kuma mafi yawansu masu amfani ne. Wannan dusar ita ce abincinsu. In sun ci, suna fitar da wani sinadari da fatar hanji ke rayuwa da shi, bayan gida kuma ya yi laushi ya yi auki ya fita ba yunƙuri. In an hana su, sai su ragu. In kuma aka riƙa watsa musu flagyl da ampiclox duk sanda ciki ya murɗa, kamar yadda muke yi a gida, sai a kashe na kirki tare da na banza. A 2015 an yi wani bincike da ya ba ni mamaki: aka ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, aka yi musu musayar abinci na mako biyu kacal. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, hanjinsu ya nuna alamun gyaruwa. 'Yan ƙauyen da aka ɗora a kan nama da maiƙo da soye-soye, nasu ya fara nuna alamun lalacewa. Mako biyu fa, Yaya.

A gidan tsofaffin da nake aiki, wannan magana ba abin kunya ba ce. Kowane tsoho yana da takardarsa, kullum sai mun rubuta ko ya zaga da kuma irin abin da ya fito. Akwai wani jadawali da aka tsara a garin Bristol mai kashi 7. Na 1 da na 2 su ne masu tauri, na 1 guntu-guntu irin na awaki. Na 3 da na 4 su ne na lafiya, masu laushi a haɗe. Na 6 da na 7 zawo ne. Ba dole sai mutum ya je kullum ba, daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk ana ɗauka daidai ne, abin lura shi ne in al'adar mutum ta sauya ta kuma daɗe a haka. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, mai fara'a, rannan na same ta ta haɗe rai, ta ƙi abinci, ko sunana ta kasa tunawa. Muka duba takardarta, kwana biyar ba ta zaga ba. Da aka warware mata cikin, washegari ta dawo tana tambayata labarin gida. Tun daga nan in na ji an ce tsoho ya cika faɗa ko ya rikice, cikinsa nake fara tunawa.

To ki tuna gidan Kaka. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da yakuwa, ɗanwake, fura da nono da rana. Surfen turmi ne, bai kwashe dusar duka. Muna wasa muna gwaguyar goruba da magarya da aya. Ni kuwa da na fara samun albashi, me na ce ki saya wa Inna? Buhun farar shinkafa, katan na taliya, biredi kowace safiya, madarar gwangwani, lemon kwalba. Gata nake nufi, Allah ya sani, ina ganin ta sha wahala lokaci ya yi da za ta huta da tuwo. Dusar kuma da inji ya tankaɗe tas, awaki ake zuba wa. Rannan na shiga wani kanti na masu neman lafiyar jiki, na ga garin 'ya'yan kuka a 'yar leda mai ƙyalli, ga aya a gefe, kuɗin ɗaya zai cika miki kwanuka a Dawanau. Na daɗe a tsaye riƙe da ledar, ina tuna kukar bayan gidan Kaka da 'ya'yanta ke zubewa a ƙasa.

Abin da nake roƙo, bayan likita ya gan ta ya ce ba matsala, a mayar da Inna kan abincinta na da, amma a hankali. In aka tula mata wake da ganye a rana ɗaya, iska za ta cika mata ciki ta ce an ƙara mata ciwo, daga nan ba za ta sake yarda ba. A fara da kunun gero ko koko da safe a madadin biredi, a ce wa mai inji ya yi surfe sama-sama. Bayan kwana uku huɗu a shigo da miyar kuɓewa ko kuka, da kabewa, da gwanda in an samu, duk masu laushi ne ba za su wahalar da haƙoranta ba. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf, a fara mata da cokali biyu uku. Kindirmo yana da kyau ƙwarai don yana ɗauke da irin halittun nan masu amfani, amma ki saya wurin wadda kika tabbatar tana tafasa madararta kafin ta kwantar, kuma kada a cika masa sukari. Ruwa ne babba. Na san Inna tana ƙin sha don kada fitsari ya riƙa karya mata alwala, alhali dusa ba ruwa ƙara ɗaure ciki take yi, balle a wannan zafin. Ki ajiye mata kofi kusa da sallayarta, ta sha bayan kowace salla, shi ya fi sauƙin tunawa.

Saboda ƙwarnafin, ta ci na dare da an idar da magariba, kaɗan, kada ta kwanta sai bayan awa biyu ko uku, a kuma ɗan ɗaga kan gadon da bulo. Goro da shayi mai kauri a rage, ban ce a hana ba, don na san ba za ta yarda ba. In rana ta yi sanyi, yaran su raka ta ta taka zuwa gidan Gwaggo ta dawo, tafiya tana motsa hanji.

Ni da na bi wannan hanyar, kafin wata biyu cikina ya saki, basir ɗin ma ya lafa. Yanzu ranar hutuna nake dafa wake da alayyafo tukunya guda in raba a firji. Kuka da daddawata sun kusa ƙarewa, in an samu mai zuwa ki aiko mini, a naɗe daddawar da kyau.

Ki kira ni ranar da kuka dawo daga asibiti, ko ina wurin aiki zan fito in ɗauka. Ki ɗauki hoton duk takardar da suka ba ku ki turo mini. Shinkafar da ta rage a bar wa yara, kada a zubar da komai, kada kuma a nuna wa Inna kamar an hana ta wani abu ne. Ki ce ni ce na yi marmarin ta ci irin na gidan Kaka.

Ki gaishe mini da Inna ƙwarai, ki ce ta sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan, da Kawu, da Gwaggo, da Auta, da yara duka. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi ke kaɗai, ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Taki har kullum,
Ƙanwarki