Sholay ya ci sunansa, amma ba don Amita da Darminda ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in sa baki a gardamar da ake yi kan fim ɗin Indiya Sholay tun da ya cika shekara 50 a 2025. Tsararrakina na cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Yaran da suka tashi da fassara a waya kuwa cewa suke zuzutawar dattawa ce, fim ya haura awa uku, rabinsa surutu. Ni tela ne a Gusau, ina cikin waɗanda suka kalle shi a silima ana fito ana tafi. A ganina fim ɗin ya ci sunansa, sai dai abin da muke yi wa tafi a lokacin ba shi ne ya riƙe shi har yau ba.

Yaran nan suna da gaskiya a wasu wurare. Labarin ƙauye ya ɗauko 'yan waje su kare shi daga 'yan fashi ba Ramesh Sippy, daraktan fim ɗin, ya fara shi ba. Kurosawa na Japan ya yi shi a 1954, Amurkawa suka mayar da shi na kaboyi a 1960. Barkwancin shugaban gidan yari mai gashin baki irin na Hitler, da hawan Darminda kan tankin ruwa yana barazanar faɗowa don a ba shi auren Basanti, duk za a iya yanke su labari bai girgiza ba. Ko a Indiya ma da ya fito ranar 15 ga Agustan 1975 masu sharhi ba su yi na'am da shi ba, kuma a kyaututtukan Filmfare guda ɗaya tak ya samu, ta tace hoto. 'Yan kallo ne suka ƙi sakinsa, har ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombay.

Mu da can Sarkin Ƙarfi, wato Darminda, muke zuwa gani, da Amita da kwabonsa mai fuska ɗaya gaba da baya, da faɗan kan jirgin ƙasa. Mutanen ƙauyen Ramgarh ko kallonsu ba mu yi. Yanzu kuwa su kaɗai nake gani.

A duba wurin da yaran Gabbar, shugaban 'yan fashin, su uku suka shigo ƙauye kan dawaki karɓar hatsi. Babu harbi, babu gudu. Manoma na fitowa da abin da suka noma suna ajiyewa kai a ƙasa, ana raina musu cewa ya yi kaɗan. Hujjar Gabbar ita ce shi ke kare su, kuma daga wa? Daga kansa. Ƙanena da ya baro gonarsa a yankin Maru ya dawo Gusau da iyalinsa, ranar da wani yaron shagona ke kallon wurin nan a waya, ya leƙa, ya ce a kashe. Shi da mutanen ƙauyensu sun haɗa kuɗi kafin a bar su su yi shuka, sun sake haɗawa kafin girbi. Salim Khan da Javed Akhtar da suka rubuta labarin ba su san Ɗansadau ko Zurmi ba, amma sun san yadda magidanci ke miƙa abincin 'ya'yansa yana godiya don an bar shi da rai.

Sai maganar Ahmad, ɗan limamin ƙauyen, makahon dattijo. Yaro ya kama hanyar birni neman aiki, aka tare shi, doki ya dawo da gawarsa. Abin da ya biyo baya shi ne mafi gaskiya a fim ɗin duka: mutanen gari ba su fusata da Gabbar ba, kan baƙin nan biyu da aka ɗauko, Amita da Darminda, suka juya, suna cewa a miƙa su a zauna lafiya. Duk wanda ya taɓa zama taron gari inda ake muhawarar a yi sulhu ko a yi turjiya ya san kowane mai magana a wurin. Ba matsorata ba ne, suna da mata da yara ne. Liman ya tsaya cikinsu yana laluben gawar ɗansa, ya faɗi tasa, aka kira salla ya nemi a kama masa hannu zuwa masallaci. A. K. Hangal ne ya fito a limamin, shi da ba Musulmi ba, kuma ban ga wanda ya fi shi a fim ɗin ba.

Inda na rabu da masu cewa ba shi da aibu shi ne maganin da ya kawo. Tsohon ɗan sanda Thakur ya ɗauko ɓarayi biyu daga gidan yari don fansar iyalinsa da hannuwansa da aka sare, ba don ƙauye ba. Mutum biyu suka gama da daba guda, ƙura ta lafa. Mu nan mun ga abin da ya biyo bayan ɗaukar makamin 'yan sa-kai: a kashe nan, a rama can, wanda bai ji bai gani ba ya biya. Fim ɗin bai taɓa tambayar daga ina yaran Gabbar suka fito ba, 'ya'yan wa ne, wa ke kai musu labarin gari. Kuma ya yi wa bos ɗin kwalliya fiye da kima. Amjad Khan da ya fito a Gabbar ya iya wasa har yara suka riƙa kwaikwayon maganarsa, har kamfanin biskit ya yi talla da shi. Ni ma na kwaikwaya ina saurayi. Yau da nake ganin 'yan bindiga na nuna kuɗi a TikTok, abin ba ya ba ni dariya.

Ƙarshen ma guda biyu ne. A wanda Sippy ya fara ɗauka, Thakur ya kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace finafinai, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ce sam, sai aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso a minti na ƙarshe suka kama Gabbar. An gyara fim ɗin an nuna shi da ƙarshensa na asali a Bologna ta Italiya a 2025, masoya na murna. Ni na fi son wanda hukuma ta tilasta, ko da yake da ƙarfin mulki aka yi shi. Mutumin ƙauye bai nemi a ba shi damar taka wuyan kowa ba. So yake hukuma ta zo. Abin da kawai zan gyara wa Sippy shi ne lokacin zuwan nata, don a fim ɗin sai da aka binne Ahmad, Jai, wato Amita, ya mutu a gada, sannan 'yan sanda suka bayyana.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Gusau