Wasiƙa Kan Kocin Da Aka Goge

Abokina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya zafin Yamai? Mu nan Kano sai godiya.

Ka tuna tsohon kocinmu na filin bayan makaranta, mai usur ɗin da ya ɗaure da igiyar takalmi? To, na zauna dare biyu na rubuta masa muƙala a Wikipedia, ko mako ba ta yi ba aka goge ta. Wai ba madogara. Ranar kam ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Da na huce sai na koma na karanta ƙa'idar. Ashe ba ruwansu da ko mutum ya iya aikinsa. Abin da suke nema shi ne a ce jaridu ko littattafai masu zaman kansu sun yi rubutu mai tsawo a kansa, ba ambaton suna kawai a sakamakon wasa ba. Shafin kulob ɗinsa ba ya shiga lissafi, balle Facebook. A ɓangaren Turanci ma tun 2022 suka daina karɓar hujjar cewa mutum ya taɓa buga wasa a babbar gasa, sai da rubutu a ƙasa.

Wasu masu horarwa ba a musu a kansu. Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka a 1994 yana kyaftin, ya sake ɗagawa a 2013 yana koci. Shu'aibu Amodu ya kai Najeriya gasar duniya ta 2002 da ta 2010, duka biyun aka sallame shi kafin a tafi, har yau abin na ci mini rai. Manu Garba ya ciyo kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013. Naku Harouna Doula kuwa, wanda ya fara kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, gasar Afirka ta 2012, wa zai ce uffan?

Rigimar tana kan na ƙasa da su. Mu shahararmu a rediyo take da bakin mai shayi. Mutum zai yi shekara talatin yana tashin yara da asuba, ya saya musu ƙwallo da kuɗin aljihunsa, gari duk ya san shi, amma babu shafin jarida ko ɗaya. A Ingila kuwa kocin ƙaramin rukuni ko atishawa ya yi sai an buga. Ka ga ma'aunin ɗaya ne, amma buhun ba ɗaya ba.

Duk da haka ban ga laifin masu gogewar sosai ba. In aka buɗe ƙofa, kowa kawunsa zai rubuto, har da kofunan da ba a taɓa ci ba.

Yanzu dai na yanke shawarar zuwa Gidan Arewa a Kaduna in tona tsofaffin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko Allah zai sa in dace. Kai ma in ka samu sarari, duba mini tsofaffin jaridun Le Sahel a kan masu horarwa na wajenku, ka ɗauko hoton shafin yadda kwanan wata zai fito.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.