Kafin a sauya tacfad ɗin laftof, a duba caja da batir

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi wa ɗalibai da ma'aikata bayani kan matsalar da ke ci musu kuɗi a banza, wato laftof ta kunna lafiya amma an shafa tacfad (faifan da ake shafawa da yatsa a maimakon maus) kibiyar da ke kan allo ta ƙi motsi. Sau da yawa babu abin da ya lalace.

A fara da madannai. Laftof da yawa suna da maɓallin kashe tacfad a layin sama, mai ɗauke da hoton akwati da yatsa ko layi a kansa. A Acer yawanci Fn da F7 ne, a Asus da yawa Fn da F9. Wasu tsofaffin HP kuwa, taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu ke kashe shi, har wata 'yar fitila ta kama. Yaro na wasa zai iya yin haka. In an jona maus na waje a cire, domin Windows na da saitin da ke kashe tacfad muddin maus na jone.

Sai caja, wadda ita ce aka fi mantawa. Tacfad da 'yar wutar jikin yatsa yake aiki, don haka caja mai araha ko wutar ƙaramin janareto mai rawa kan sa kibiya ta riƙa tsalle ko ta sandare. A zare caja a gwada da batir kaɗai. In tacfad ya dawo daidai, matsalar daga caja ce ko daga wutar janareto; in cajar ce, ita za a sauya. Gumi da ƙurar hunturu ma suna rikita shi. A goge da ƙyalle mai ɗan danshi bayan an kashe na'urar.

Idan bayan sabon sanya Windows ne abin ya faru, yawanci direba ce ta ɓace, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da tacfad. A jona maus, a buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera sassan kwamfuta, a nemi I2C HID Device. In akwai alamar ruwan ɗorawa a kansa, a sauko da direbar Intel Serial IO da ta Synaptics ko ELAN (masu ƙera tacfad) daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Sake goge Windows ba zai magance komai ba, asarar takardu kawai ke biyo baya.

Abin da ya fi damun mu shi ne batir. A yawancin siraran laftof, batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin tacfad. Zafin Gusau a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga shi ana barin na'ura a caji dare da rana, a kan katifa ko cikin mota. Batir sai ya kumbura ya turo tacfad daga ƙasa. Alamarsa, dannawa ta yi tauri, faifan ya ɗago, ko murfin ƙasa ya fara buɗe baki. Wallahi wannan ba abin wasa ba ne, batir ɗin yana iya kamawa da wuta. Kada a danne shi, kada a huda, kada a ƙara caji. A kashe na'urar a kai wa mai gyara ya cire, kuma kada a jefa tsohon batir cikin sharar da ake ƙonawa.

In duk wannan bai nuna komai ba, mai gyara ya duba siririyar wayar da ta haɗa tacfad da babban allon cikin laftof (motherboard), wadda takan kwance bayan faɗuwa. Sai an mayar da ita an gwada kafin a yi maganar sayen sabo.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Gusau, Jihar Zamfara.