Wasiƙa ga Edita: Ba kowace ƙiyayya ce wariyar launin fata ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin masu fassara labaran ƙetare kan wata kalma da aka mayar jakar magori, wato "wariyar launin fata". Ko an hana mutum aiki, ko an zage shi a filin ƙwallo, ko an ƙona shagon baƙo, duk ita ake ɗaukowa. Mai karatu sai ya gama labari bai gane wa aka zalunta ba, kuma a kan me.

Lamarin yana da hawa uku, kuma Hausa tana da kalmar kowane hawa. Na farko yana cikin zuciya: mutum ya yanke wa wasu hukunci tun bai zauna da su ba. Wannan shi ne ƙyama, ko raini, ko mugun zato. Idan ya ce "ai duk halinsu ɗaya", ya yi musu kuɗin goro. Na biyu aiki ne: mai gida ya amsa wa mai neman haya a waya cewa akwai ɗaki, da ya ga fuskarsa sai ya ce an riga an kama. Nan ne "nuna bambanci" ko "wariya" ta shigo, domin an hana wani abin da aka ba wani. Na uku shi ne hukuma ta mayar da abin doka. Mai ƙyama yana iya mutuwa da abinsa a ciki bai cuci kowa ba, ma'aikaci kuma yana iya aiwatar da dokar wariya ba tare da yana ƙin kowa ba. Shi ya sa kotu take hukunta aiki, ba ta hukunta abin da ya tsaya a zuciya kawai.

Hawa na uku ne ya kamata a kira "mulkin wariyar launin fata", kamar na Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta rarraba mutane gida-gida bisa launi, kuma gidan da aka saka ka shi ke yanke unguwar da za ka zauna, da makarantar ɗanka, da wadda za ka aura. Idan jami'ai suka yi kokwanto, har fensir sukan soka a gashin mutum: in ya maƙale, ba Bature ba ne. A Sharpeville, ranar 21 ga Maris 1960, 'yan sanda sun harbe mutum 69 masu zanga-zangar ƙin dokar takardar izinin zirga-zirga, kuma daga nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki ranar yaƙi da wariya. Wanda ya kira ihun 'yan kallo a filin wasa da wannan suna ya rage wa sunan nauyi. Wancan cin mutunci ne saboda launin fata, a faɗe shi haka.

Matsalar da ta fi damuna ita ce "ƙyamar baƙi". A baki babu ruɗani, domin muryar "baƙi" jam'in baƙo daban take da ta "baƙi" kishiyar fari. A rubuce kuwa harufansu ɗaya, tunda ba ma sa alamar karin sauti. To a duba hare-haren watan Mayun 2008 a Afirka ta Kudu, inda aka kashe mutum fiye da 60. Masu kai harin baƙaƙen fata ne, waɗanda aka far wa ma baƙaƙen fata ne, da yawansu daga Zimbabuwe da Mozambik. Kanun labari ya ce "ƙyamar baƙi ta ɓarke", mai karatu da ya san tarihin ƙasar sai ya ɗauka Turawa ne suka dawo da halinsu. Gyaran ba wuya: a rubuta "ƙyamar 'yan ƙasashen waje", idan kuma launi ake nufi a ce "baƙaƙen fata". Kada a gudu zuwa "baƙin haure", domin wannan na wanda ya shiga ƙasa ba takarda ne, alhali cikin waɗanda ake kai wa hari akwai masu cikakken izinin zama, har da 'yan ƙasar ma. Kiran su haure ɗora musu laifi ne.

"Jinsi" ma ta zama tarko. Da can akan ce jinsin Larabawa, jinsin Turawa. Yanzu kunnen yawancin masu karatu ya saba da ita a kan namiji da mace, don haka "wariyar jinsi" sai ta kai su wani wuri daban.

Wani abin lura shi ne kalmarmu ta fi ta dokar duniya ƙunci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata ta haɗa launi, da zuriya, da asalin ƙasa ko na ƙabila. Kenan hana wani aiki saboda kakanninsa bayi ne, ko saboda sana'ar gidansu, yana iya shiga ciki ko da fatarsu iri ɗaya ce da ta mai hanawar. A irin wannan labari, "gorin asali" ko "wariya saboda asali" ta fi dacewa, "ƙabilanci" kuma idan ƙabila ce tushen abin. Sanya launin fata a nan yana sa mu ɗauka cutar ta mutanen nesa ce kawai.

Sai "kisan kiyashi" da "kisan ƙare dangi", da ake musanya su kamar abu ɗaya. Kiyashi yawa yake nunawa. Ƙare dangi kuwa niyya yake nunawa, kuma a kan niyyar shafe wata al'umma, duka ko sashenta, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan hana ƙare dangi ta tsaya. A Ruwanda a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana kusan 100, galibi 'yan Tutsi, bayan gidan rediyo ya daɗe yana kiransu kyankyasai. A garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a 1995 adadin kimanin 8,000 ne, amma kotun duniya ta yanke cewa ƙare dangi ne. Idan kotu ba ta yanke ba, a rubuta "ana zargin".

Roƙona ga teburin fassara shi ne tambaya biyu kafin a zaɓi kalma: abin nan a zuciya yake, ko a aiki, ko a doka? Kuma a kan me aka yi shi, fata, ƙabila, ƙasa, addini ko asali? Idan labarin asali ya ɗauko kalmar zagi, a ce "ya yi amfani da kalmar ƙasƙanci ga baƙaƙen fata", ba sai an nemo mata takwara a Hausa an buga ba.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Mai bibiyar shafin labaran ƙetare