Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Malaman Labarin Ƙasa

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan'uwa malamai.

Tarurrukanmu na wata-wata sun gudana lafiya, in ban da na watan azumi da aka ɗage. Da damina mun dasa darbejiya a wasu makarantun cikin birni. Galibinsu sun kama, sai inda ba a kewaye ba awaki suka yi mana ɓarna.

Babban aikin bana shi ne tafiyar dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, wadda adashenmu da gudummawar iyaye suka ɗauki nauyinta. Wakilanmu sun daɗe suna tattaki bayan sallar asuba, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura. Ƙafa ta amfana, amma Katsina shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta shirya ƙirjin mutum ga ƙarancin iska.

Daga garin Moshi suka kama hanyar Machame tare da 'yan jagora, domin doka ta hana hawa babu jagora. A zangon Barafu, sama da mita 4,600, aka tashe su da tsakar dare, kowa da fitila a goshi. Ruwan gora ya daskare, asuba ma taimama suka yi. Ɗaya daga cikinsu ciwon kai da amai suka rufe shi, jagora ya ce ya sauka, bai yi musu ba. Kwamiti na jinjina masa, domin ciwon tsauni yana kisa.

Sauran sun isa ƙololuwar Uhuru, mita 5,895, da hantsi. Nan suka ga abin da muka yi shekaru muna zanawa a allo: daɗaɗɗiyar ƙanƙara tsaye kamar ganuwa, fara sol da ratsin shuɗi, a kan baƙin yashin aman wuta. Daga 1912 zuwa yau dutsen ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙararsa. Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta sauka yadda za ta cike giɓin, ga busasshiyar iska da rana suna mayar da ƙanƙarar tururi tun ba ta zama ruwa ba. Wannan ya dame mu matuƙa, mu da hamada ke matsowa gonakinmu.

Za a zagaya makarantu da hotunan a zangon karatu mai zuwa, mai son a zo makarantarsa ya rubuta sunanta wurin sakatare. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, Katsina